Yatsun Iliya

Shekarar da soja suka sake karɓe mulki, damina ma ta ƙi. Gero ya bushe bai kai gwiwa ba, mutanen ƙauyen su Iliya, can bayan Dogonduci, suka koma cin ganye. Wata ƙungiyar agaji ta ce za ta ba da hatsi, amma sai an kai mata sunayen magidanta a buge da odinatar, wato kwamfuta, kafin azahar ɗin Litinin. Wanda sunansa bai shiga ba, ba shi da ko tiya ɗaya. Aka aiko wa Iliya da littafi cike da sunaye ɗari uku, don shi ne nasu a Yamai.

Iliya ya shekara talatin yana buga takardu a buron gwamnati kafin ya aje aiki, kuma har gobe yana ji da yatsunsa. Matarsa Saratu ta ce ya kai wa yaran siba, masu shagon intanet, su buga masa. Ya yi tsaki.

"Waɗanga masu tsince harafi da yatsa guda kamar kaza? Su ɓata sunan mutum a hana mishi hatsi? Tawa zan saya, ko da tsohuwa ce."

Ranar Juma'a ya nufi shagon Alu mai sayar da odinatar a kasuwar Lazare. Alu ya kunna masa guda biyu, kayan Amirka da suka biyo ta Kwatano. Iliya ya rufe ido yadda ya saba, ya saki yatsu. Da ya buɗe sai ya ga shirme a gilashi, don jerin haruffan Amirkawa ba irin na Faransa ba ne da hannunsa ya hardace. Ransa ya ɓaci. Yana juyawa ya hango wata a ƙarƙashin tebur an rufe ta da buhu. Ya jawo, ya taɓa, yatsunsa suka zuba a guje kamar ba su taɓa hutawa ba. Ga ta kuma ta fi sauran araha nesa ba kusa ba.

"Baba, bar wagga," in ji Alu, yana leƙen waje. "Ɗauki ta Amirka, kwana uku ka saba."

"Kwana ukun ne ban da su, ɗana."

A gefen akwatin akwai wurin da aka kankare da wuƙa. Duk Yamai ba wanda ya fi Iliya sanin abin da ke nan wurin, don shekara talatin yana ganin farar lambar da ake shafa wa kayan gwamnati. Ya gani, ya kau da kai. Daɗin yatsu ya rufe masa ido, ya biya ya ɗauka.

Asabar da rana tsaka ya kai suna na ɗari biyu sa'ad da mota ta ci birki a ƙofar gida. Soja huɗu suka bankaɗe ƙyaure. Suna jaye da Alu, ido ɗaya ya rufe ruf, bakinsa na zubar jini. Kayan da aka wawushe daga wani buro ranar juyin mulki suke bi gida gida.

Sarjan ya shafa kankararren wurin, ya dubi Iliya. "Tsoho, da kai aka yi satar?"

"Saye na yi, ranka shi daɗe. Ku ɗauka, taku ce. Ku bar ni dai in fidda sunayen ga, mutanena na mutuwa da yunwa."

Mari ya fara sauka, tabaransa ya yi tsalle ya tarwatse. Saratu ta yi kururuwa ta shiga tsakani, wani ya hankaɗe ta, ta faɗa kan randa, randar ta fashe. Suka fizge wayoyi. Nan Iliya ya yi wautarsa ta biyu: ya kife kan allon haruffan ya riƙe gam da hannu biyu. Sarjan bai ce ya saki ba. Ya juya bindiga ya sauke gindinta a kan yatsun, sau ɗaya, sau biyu, har sau biyar. Haruffa suka watse a ƙasa. Iliya ya ji ƙasusuwansa na karyewa kafin ya ji zafin, ya zube kan littafin sunayen yana ihu. Suka kwashi kayan suka fita, suka watsar da Alu a bakin kwata.

Lahadi bayan coci sai ga Alu yana ɗingishi, an turo masa ta Amirka a kura. Ya aje, ya haɗa wayoyi ya tafi. Likita ya naɗe hannuwan Iliya duka biyu, manuniyar hagu kaɗai ta tsira. Iliya ya zauna ya faro daga farko, Saratu na karanto suna, shi yana neman harafi ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, irin na yaran da ya raina. Kunya ta fi ciwon cin ransa, amma bai tashi ba.

Da hantsin Litinin suka komo kan shafin da suka bari ƙarshe, inda hannunsa ya kwanta. Jini ya cinye suna goma sha ɗaya. Ƙauyen ba layin waya, ba wanda za a tambaya. Saratu ta ɗaga shafin a rana, Iliya ya riƙa bin gidajen unguwar a kansa, ƙofa bayan ƙofa, har ya tuno bakwai. Azahar ta matso, ya sa aka kai takardar haka nan.

Bayan sati biyu hatsi ya isa ƙauye. Direban motar Dogonduci ya kawo masa saƙon godiya, da sunayen gida huɗu da aka kira kowa ba a kira su ba. Na uku gidan ƙanwar uwar Iliya ne.