Basilla da Zare

Wata bakwai Dogo ya yi a gidan da ake ba waɗanda suka bar shaye-shaye ɗaki da gado har su tsaya da ƙafafunsu. Dokar gidan ba wasa: wanda ya koma gidan jiya, ya bar ɗakin.

Inna, matar da ke kula da su, ita ta yi ta safa da marwa har ta samo masa aiki. Ta ji an ce ya iya haɗa takalmi, sai ta kai shi shagon wani tsoho mai wannan sana'a, baki har kunne kamar ta aurar da ɗa. Abin da ba ta tambaya ba, shi kuma kunya ta hana shi faɗa, shi ne abin da ya kayar da shi tun farko. Ba ƙwaya ba ce. Gam ne, wannan dai da ake manna tafin takalmi da shi. Shekara shida yana shaƙarsa a tsumma.

Ranar farko tsohon ya turo masa tarin takalma da gwangwanin gam. Dogo ya ɗaga murfin, warin ya daki hancinsa, nan take yawu ya cika masa baki. Tsoro ya kama shi sosai. In ya yi magana, aiki ya tafi. In ya yi shiru, ya san kansa, ba zai kai mako ba, zai rasa ɗakin. Ya mayar da murfin ya danne.

"Baba, ina da magana."

"Tun ba ka taɓa komai ba?"

"Wannan abin nake shaƙa a da. In na wuni da shi a gabana, ban yarda da kaina ba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau. Dogo har ya fara lalubar jakarsa. Sai tsohon ya miƙe da ƙyar, gwiwoyi na ƙara, ya kai gwangwanin bayan shago, ya dawo da basilla da zare mai kauri.

"Ka iya ɗinkin hannu?"

"Ban iya ba, Baba."

"Ai na sani. Ku yaran yanzu sai manne-manne. Shekara nawa ina neman wanda zan koya wa, kowa sai ya ce yatsa na ciwo. Ja kujerarka bakin taga. Mannin ni zan riƙa yi in ka tashi."

Zuwa la'asar Dogo ya soke yatsa sau uku, ya gama ƙafa ɗaya tal, ɗinkin kuwa a karkace kamar tafiyar kaguwa. Tsohon ya juya takalmin a hannu, ya taɓe baki.

"Wannan ko kyauta ba mai karɓa. Gobe ka zo da wuri ka warware shi."

Dogo ya sunkuyar da kai don kada tsohon ya ga idonsa ya ciko. Tun da yake, bai taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba.

"Ƙarfe nawa, Baba?"