Serbar da ta manta sunan Damagaram

Rezon Nijar, wato layin waya da intanet, ya ɗauke tun hantsi. Maikano, wanda ya buga wa kansa kati mai cewa Injiniya, ya yi abin da kowa ke yi a Magariya: ya sa wa akwatin intanet na kilinik layinsa na Najeriya. Intanet ta dawo. Amma serba, babbar ordinata, wato kwamfutar da ke aika hotuna, ta ƙi aiki.

A ɗakin gwaji A'i na kwance, cikinta ya tsufa, ɗan ya gicciye. Mijinta Nassirou, da ya kawo ta daga Waca, ya ce ba ya kai ta Damagaram sai babban likitan can ya ga hoton eko, wato hoton cikin, ya ce a kawo. Motar ƙarshe ta Damagaram kuwa tana lodi a tasha.

"Injiniya, hoton ya tafi?" in ji Kellu ungozoma.

"Matsala ce ta teknik, Hajiya."

"Ita ma ta cikin ɗakin ta teknik ce. Ya tafi?"

Bai tafi ba. In ya ba serbar lamba, tana kaiwa. In ya ba ta sunan asibitin, sai ta yi shiru. A fayil ɗin resolv.conf ake gaya mata wanda za ta tambaya lambar kowane suna, shi kuwa na kamfanin Nijar ya rubuta, wanda ba ya amsa wa mai sallama daga ƙetaren iyaka.

Layi ɗaya zai canza. Fayil ya ƙi. Shi da kansa ya kulle shi bara, har ya tara ma'aikata ya yi musu jawabi. Umarnin buɗewar ne ya ɓace masa.

A'i ta yi nishi. Nassirou ya leƙo, ya koma.

"Hajiya, ara mini wayarki."

"Wa za ka kira?"

"Tambaya zan yi."

"Au, Injiniya ma yana tambaya?" Ta miƙa masa.

A gabanta ya nemo umarnin a intanet, ya kwafa harafi-harafi. Fayil ya buɗe. Ya sa wata lamba mai amsa wa kowa. Hoto ya tafi.

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara a hannunsa, kira ta intanet daga Damagaram. Kellu ta fizge, ta saurara, ta ɗaga murya.

"Malam Nassirou! Likita ya ce a kawo ta yanzu-yanzu. Ruga ka tare motar nan, ka ce gidan gaba muke so!"