Kukan da Chaibou Ya Kai Paris

Kamfanin da ke ƙera taraktocin nan ba ya ƙoshi, kowa a garejin Mushe Alain Bafaranshe ya san haka. Bara suka ce a sake fenti, aka sake. Suka ce makanikai su sa riga iri ɗaya mai tambarinsu, aka sa, Chaibou da furfurarsa ya koma kamar ɗan ƙwallo. Suka ce a sayi na'urarsu ta binciken inji, wadda in babu ita sabuwar tarakta ko tari ta yi ba mai iya taɓa ta, aka saya ana ƙunƙuni. Bana kuma, shekarar da makiyaya ke zubar da madara a kan titi don haushin faɗuwar farashi, sai ga wakilin kamfanin da takalmi mai ƙyalli yana tsallake baƙin mai a tsakar gareji. Wai a rushe gaban ginin a yi zaure na gilashi, a daina sayar da kayan kowa sai nasu, a kuma ninka ciniki. In ba haka ba, idan yarjejeniyar dillanci ta ƙare a ƙarshen kaka ba za a sabunta ta ba, yankin zai koma hannun wani babban dillali mai rassa daga Lyon har Dijon. A ninka ciniki, don Allah wa za a sayar wa? Shanun?

Garejin yana wani ɗan gari a tsaunukan yamma da Lyon, ƙasar shanu da inabi. Chaibou mutumin Tasawa ne. Karatu ya kawo shi Lyon yana saurayi, tallafin karatun ya yanke a tsakiya, ya yi ta buga-buga har Allah ya haɗa shi da Alain. Alain ne ya ɗauke shi aiki lokacin da wasu ke kallon fatarsa kafin su kalli hannunsa, shi ya yi ta zarya ofis-ofis har takardunsa suka fito. Yanzu Chaibou ne babban makanike, manoman yankin kuma in injin ya tsaya musu tsakiyar yankan ciyawa, lambarsa suke kira. Ya san sarai abin da rasa yarjejeniyar ke nufi. Ba sabon inji, ba kayan gyara, garejin da uban Alain ya kafa zai mutu a tsaye.

Abin da ke ƙona wa Chaibou rai shi ne taurin kan patron ɗinsa, wato maigidansa Alain. A hunturun da ya wuce ciwon zuciya ya kayar da Alain a bayan shago, Chaibou ne ma ya ɗauke shi zuwa asibiti. Da ya fito, sai ya shiga gaya wa mutane wai hutu ya je wajen ƙanwarsa. 'Yarsa ɗaya tilo, Claire, likitar dabbobi ce a Grenoble, ta kuma faɗa masa ƙiri-ƙiri ba za ta gaji gareji ba. Amma duk ran da wakilin ya zo ya tambayi labarinta, sai Alain ya washe baki ya ce tana nan tafe, tana tattara kayanta ne. Ban da matarsa Thérèse da Chaibou ba wanda ya san gaskiya. Chaibou ya ɗauki wannan girman kai ne irin na Bature, mutum ruwa ya kai masa wuya yana gyara kwalar riga.

Shi a inda ya tashi ba haka ake yi ba. In mai ƙarfi ya danne ka, ba ka zama kana aika masa takardu. Ka nemi wanda zai sa baki, ka tashi ka taka da ƙafarka, ka zauna gabansa ka zazzage masa halin da kake ciki kaf, ba ɓoye-ɓoye. Mutum in ya ga ka zo har gida ka sauke kai, kunya ma ta ishe shi ya sassauta. Ya sha ganin babansa ya yi haka an dace. Ga shi kuma Allah ya sa yana da ɗan gida a cikin kamfanin, Nazir, ɗan wani amininsa na Maraɗi, wanda ya zauna a falon Chaibou shekarun da yake jami'a a Lyon, yanzu yana aiki a babban ofishinsu na Paris.

Bai gaya wa Alain ba, don ya san zai hana. Ya ce suna za shi, ya hau jirgin ƙasa da ledar kilishin da aka aiko masa daga gida.

A Bobigny, gefen Paris, Nazir da matarsa Latifa suka karɓe shi hannu bibbiyu. Aka gaisa aka sake gaisawa, aka tambayi Tasawa, aka tambayi Maraɗi, aka ci shinkafa da miya har ya ce ya tuba. Sai da aka kawo shayi ya buɗe maganar. Nazir ya sosa ƙeya, ya yi ta kewaye-kewaye, rabi Hausa rabi Faransanci, yana cewa shi ƙaramin ma'aikaci ne, nan kuma abubuwa ba haka suke tafiya ba. Chaibou ya bar shi ya gama, ya kalle shi kawai. To, yaya za ka ce a'a ga mutumin da ka kwana a falonsa kana cin tuwon matarsa? Washegari Nazir ya samo masa ɗan lokaci wajen Mushe Jacques, daraktan da ke kula da dillalai. A hanya Nazir yana ta jan kunnensa: ya tsaya kan maganar manoma da ingancin gyara, kada ya wuce nan.

Chaibou ya fara da hakan kuwa. Ya faɗi yadda manoma suka amince da garejin tun iyayensu, yadda ake zuwa musu gona ko ranar Lahadi. Darakta na gyaɗa kai irin na wanda ya ji wannan waƙar sau ba adadi, idonsa na leƙen agogo. Ran Chaibou ya sosu. Ya ga ƙofar da ya sha wahalar buɗewa tana shirin rufewa, ya ce a ransa wannan surutun na yara ne, bari a yi magana ta manya. Ya gyara zama, ya sassauta murya, ya kai kukan yadda ake kai shi. Ya ce tsohon nan ba shi da lafiya, zuciya ta kayar da shi a hunturu, shi da hannunsa ya ɗauke shi. Ya ce 'yar da yake taƙama da ita ta juya wa sana'ar baya, ba mai tallafa masa, in aka ƙwace masa wannan ba abin da ya rage masa a duniya. Ya roƙa a dubi girman shekarunsa.

Ikon Allah, sai darakta ya farka. Ya daina kallon agogo, ya sa aka kawo kofi, ya matso da kujera. Cikin taushin murya ya tambayi yaushe abin ya faru, me likitoci suka ce, ita Claire ɗin ta yanke shawara ne ko tana tunani. Chaibou ya amsa duka, har da ƙari, zuciyarsa fari fat, yana cewa ashe su ma suna da tausayi in an san ta inda za a ɓullo musu. Nazir kuwa ya ƙura wa tebur ido kamar wanda aka yi wa rasuwa. Darakta ya raka su har bakin ƙofa, ya riƙe hannun Chaibou, ya ce ya gode ƙwarai, zuwan nan ya yi amfani.

Sai da suka fito titi Nazir ya yi magana.

“Kawu, Mushe Alain ya san za ka faɗi wannan?”

“Da zai iya faɗa da bakinsa, me zai kawo ni? Ba ka ga yadda jikin mutumin ya yi sanyi ba?”

Chaibou ya hau jirgi yana tsaki a kan yaran zamani, sun yi boko sun manta yadda ake roƙon arziki.

Ya koma aiki da ƙarfinsa, har yana tsokanar Alain ya daina ɗaure fuska, Allah na nan. Aka yanke inabi, aka shiga sanyi. Wata safiya sai ga motar wakilin, bayanta wata, da mutum biyu daga babban dillalin nan. Ko gaisuwar kirki ba su yi ba suka shiga zagaya fili suna auna shi da ido. Wakilin ya tsaya tsakiyar gareji, gaban makanikai, ya dafa kafaɗar Alain ya ce kamfani ya yi matuƙar jimamin jin labarin zuciyarsa, sun kuma fahimci zaɓin Claire. Tunda babu magaji, ba za su ɗora masa nauyin da zai cutar da shi ba, yarjejeniya ba za a sabunta ba. Sabbin masu yankin za su ɗauki makanikan da suka ga dama.

Alain ya juyo a hankali ya dubi Chaibou.

Da tsakar rana ya fita bayan shago ya kira Nazir, gaisuwa a taƙaice. Nazir ya yi ta haƙurƙurtar da shi kafin ya faɗi abin da ya ji daga baya. Kafin zuwan Chaibou Paris, an riga an karkata ga ƙara wa garejin wasu shekaru, saboda ana jiran Claire, kamfani na son dillali matashi mai ilimi a wannan yanki. Ƙaryar da tsohon ke yi ita ce ke riƙe da ginin. Chaibou ya tsaya da wayar a kunne, haushi ya cika shi har wuya, ya rasa wa zai zaga. Darakta bai yi masa ƙarya ba, Nazir ya ja masa kunne, shi kuma wallahi don alheri ya je.

Ya yi ta jiran Alain ya yi masa faɗa, ya kore shi, ya jefe shi da sifana ma in ya so. Alain bai yi ba. Suka ci gaba da aiki kafaɗa da kafaɗa, magana ba ta wuce miƙo wannan, riƙe wancan. Sau biyu Chaibou ya fara bayani, Alain ya ɗaga hannu ya ce ya sani, ya san dalilin. Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ranar da wa'adi ya cika, kamfani ya aiko cewa a sauke allon tambarinsu daga saman ƙofa kafin motarsu ta zo ɗauka. Alain ya jawo dogon tsani da kansa, ya jingina da bango, ya sa ƙafa a matakin farko. Sai ya tsaya, ya janye ƙafar, ya miƙa wa Chaibou sifanar.

“Hau kai. Ni ai kowa ya sani yanzu zuciyata ba ta da ƙarfi.”

Chaibou ya karɓa ya hau. Kusoshin sun yi tsatsa, suka ƙi kwancewa, ya daɗe a sama yana fama da su, Alain na ƙasa riƙe masa da tsanin.