Hajjo a Jikin Katanga

Abarshi ya sake dumbuzo kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya maka wa katanga, ya bi da tafin hannu ya shafe. Zanen motar bas ya ɓace, har da fasinjojinta.

"Malam Abarshi, don girman Allah," in ji Martha, matar maƙwabcinsa, ta leƙo daga bakin zana. "Yana kwance yana jin duk abin da kake yi. Ka bari zuwa jibi mana."

"Damina za ta jira shi ne? Katangata ce, yaɓena ne."

Tasa ce kuwa. Gidan Andrawus mai fenti, mijin Martha, zana ce kawai ta kewaye shi, shi ya sa da abin nasa ya motsa sai ya huce a kan katangar maƙwabci. Shekarar da motoci suka koma hannun dama ya bi wata motar katako daga dajin Birnin Gwari har Ikko, wai zai ga yadda masu zanen can suke aiki. Ya dawo da gwangwanayen fenti da surutu kamar rediyo. Ya ishi 'yan tasha da labarin bangon masu aski cike da zanen kawuna, da zakuna a bayan motoci, da soyayyar ayaba, da barkonon da ya sa shi hawaye a gaban mata. Rannan Abarshi ya tafi Kuyello sayen dawa, ya kwana biyu, ya dawo ya tarar da Ikko ɗungurungum a jikin katangarsa, ta wajen titi.

Gada da bas duk da sauƙi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne matar da ke ƙarshen katangar, zaune gaban kasko tana tuyar ƙosai. Wushiryar nan, da yadda ta ɗan karkata kai, Hajjo ce sak, marigayiya matarsa. Matar da ta ƙare zaman aurenta a kulle, sai dai yara su kai mata talla, yau ga ta a bakin titi kowane ɗan kamasho yana ƙare mata kallo. Tun ranar ya tsani mutumin nan, tsana ta gaske. Kullum sai ya ce gobe zai shafe. Yanzu hadari ya fara haɗowa, ba sauran gobe.

Martha ta sake fitowa. "Yana kiranka. Gafara zai nema."

Irin wannan kira ba a ƙinsa, ko don bakin mutane. Ya shiga da hannuwansa duk ƙasa. Andrawus na kan tabarma, ciwo ya cinye shi, ɗakin sai warin kananzir ɗin da yake wanke buroshi da shi.

"Sannu," in ji Abarshi, daga tsaye.

"Malam, na zaga Ikko kaf," in ji Andrawus, da ƙyar. "Na ci ƙosansu. Bai kama ƙafar na Hajjo ba. Shi ne na ce bari in kai ta can ta nuna musu."

"A ina ka ƙare mata kallo har ka san haƙoranta?"

"Haba Malam. Shekara nawa tana miƙo wa yaranmu ƙosai ta kan katanga?"

"Ka tallata mini mata tana kabari."

"Na yi kuskure. Ka yafe mini."

Martha ta zuba masa ido. Amsar kowa ya san ta, ko yaro ƙarami. Abarshi ya dubi kwanon kunun da ƙudaje ke bi, ya ce, "Ƙasata tana bushewa." Ya fice.

Ya shafe gada, ya shafe mai aski da kawunansa. Yana cikin haka kukan Martha ya tashi, mata suka fara tururuwa zuwa gidan. Wani mai keke ya tsaya ya ce, "Malam, ai rasuwa aka yi."

"Na ji."

Ya ciko hannu biyu ya maka wa fuskar mai ƙosai, ya murje da ƙarfi don kowa ya gani.

Ya ja da baya ya dubi aikinsa, katanga ta koma katanga. Hajjo ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, shi ya hana. Ya rufe ido ya laluba ta a ransa. Ya samu muryarta, ya samu ɗankwalinta, fuskar kuwa ta ƙi zuwa. Ashe duk watannin nan da yake wucewa yana tsaki, a nan yake ganinta. Tsoro ya kama shi.

Ya sa yatsu ya shiga yaƙusar ɗanyen yaɓen. Amma fentin mota a kan jar ƙasa ɓawo ne kawai, da ya sha laima sai ya saki. Abin da ya biyo farcensa ɓarɓashi ne, baƙi da fari. Ya ƙara tonawa a hankali, har ya kai ga tsohuwar ƙasa, ba komai a kanta.

A cikin gidan an fara waƙar coci ƙasa-ƙasa. Abarshi ya tsuguna a gindin katanga, tafin hannunsa a buɗe. Wata kaza ta matso tana tsattsagar abin da ya zuba a ƙasa.