Babbar Sallah Ta Faɗo Ranar Lahadi

Shekara goma sha biyu Ɗan Azumi da Bature suna fiɗa a mayankar Oko-Oba. Mota ɗaya ta kawo su daga Zonkwa, coci ɗaya suke zuwa a Agege. Amma gidan Alhaji Sanda dillalin shanu, inda ake kayar da sa da raguna huɗu duk Babbar Sallah, Bature ake kira. Mahaucin da ya yi aikin gidan nan, iyalinsa sun yi sallama da gaya har wata guda. Abin ya daɗe yana ci wa Ɗan Azumi rai. Shi dai bai ga abin da wuƙar Bature ta fi tasa ba.

Sai ga shi bana Sallah ta faɗo Lahadi.

Ranar Asabar Ɗan Azumi ya bugi cikin Bature, ko zai yi fashin sujada. Bature na wasa wuƙa, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce sai an tashi coci tukuna. Ubangijin da ya ciyar da shi jiya bai tafi ƙauye ba. Ɗan Azumi ya yaba masa da baki, a ransa kuwa ya ce, to, Allah ya kashe ya ba ni.

Da safe matarsa Mariamu ta goge masa rigar coci, ya tsallake rigar ya ɗauki jakar wuƙaƙe. A hanya gida biyu suka kira shi, rago ɗai-ɗai, ya ce yana da babban aiki. Kafin a sauko daga idi ya kafa kansa a ƙofar Alhaji.

Alhaji ya dawo, babbar riga na jan ƙasa. Ɗan Azumi ya durƙusa ya yi barka da Sallah, sannan ya shigar da maganar a hankali, kamar abin tausayi: Bature fa ba zai samu zuwa ba sai azahar, shi ne ya ce bari ya rufa asiri.

"Na sani, Malam Ɗan Azumi," in ji Alhaji. "Tun Laraba ya zo ya gaya mini, ya ce in nemi wani. Na ce zan jinkirta yanka. Mutumin da kuɗina bai raba shi da ibadarsa ba, hantar san da zan yanka ma ba za ta ruɗe shi ba." Ya ɗan dube shi. "Ashe ba cocinku ɗaya ba?"

Ɗan Azumi ya ce ɗaya ne, yau dai ƙafa ke damunsa. Alhaji ya kalli ƙafar da ta tako tun daga bakin titin jirgi, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya shige.

Ɗan Azumi ya koma gidaje biyun nan, ya tarar har an rataye nama, waɗansu 'yan Nijar na wanke hannu. Duk lungun da ya leƙa da mahaucinsa. Rana ta take, ƙamshin suya ya cika unguwa, shi ko fatar akuya bai taɓa ba. Haka ƙafa ta sake maido shi ƙofar Alhaji, shi kansa bai san me ya zo nema ba.

Wajen ƙarfe ɗaya sai ga Bature a bayan babur ɗin okada, da farar rigar coci, yana cin gyaɗa. Da ya hango shi sai ya washe baki.

"Ɗan'uwa, Allah ne ya kawo ka. Sa da raguna huɗu sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Zo mu yi, mu raba."

Wannan ta fi zagi zafi. Da gori ya yi masa, da ya san amsar da zai ba shi. Ya so ya ce yana da aiki a wani wuri, sai ya tuna tukunyar Mariamu, ya haɗiye.

Alhaji ya yanka, aka ja sa gindin famfo. Bature ya tuɓe riga ya rataye, ya sunkuyar da kai ya yi gajeriyar addu'a. Ɗan Azumi ya riƙe masa ƙafar baya, ya zuba wa bakin wuƙar ido, yana jira ko sau ɗaya ta huda fatar.