Tukwanen Maman Yara

Ya daɗe da ajiye tuƙi, amma sunan Direba bai rabu da shi ba. Da shi ake kiransa a layin, har mai shagon da bai taɓa ganinsa riƙe da sitiyari ba. Gidansa ɗaki biyu ne da kicin, sai tsakar gida da ba ta wuce a shanya wanki ba. A nan matarsa, wadda yake kira Maman Yara, ta jera tukwanen shukarta. Tukwane dai a baki, don akasarinsu tsofaffin bokitai ne da gwangwanayen fenti da ta huda gindinsu da ƙusa. Akwai tumatur da barkono da na'a-na'a, da wata shuka mai faffaɗan ganye da bai taɓa tambayar sunanta ba. Yakan tsokane ta cewa ta mai da masa gida gona babu ko neman izini, ita kuma ta ce ai shi baƙo ne a gidan, tunda kullum yana kan hanya.

Da ta rasu, 'ya'yan suka zo suka yi kwanakinsu, kowa ya koma bakin aikinsa. Aka bar shi da tukwanen. Ya ci gaba da ba su ruwa safe da yamma yadda ya ga tana yi, su ma suka yi masa kara, ba su mutu ba.

Ana haka maƙwabcinsa na gabas ya ɗora bene. Da aka gama ginin, hantsin da ke sauka tsakar gidan da safe ya daina zuwa. Sai rana ta take tsaka take leƙowa, ta ɗan jima, ta faɗa bayan katanga. Tumatur ya fara miƙewa siriri kamar wanda ya tashi daga jinya, ganyensa ya koɗe, ya karkata gaba ɗaya wajen da haske ke shigowa. In ya yi fure sai furen ya kakkaɓe. Barkono kuwa ya tsaya cak. Direba ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa, ƙasar ta yi caɓi, ganyen ƙasa suka yi rawaya.

Ya gaya wa Auta, ƙaramar 'yarsa, da ta kira shi a waya. Ta ce ya daina wahalar da kansa a kan tumatur ɗin da kasuwa ke cike da shi, ya rufe gidan ya dawo wajensu. Ya ce zai duba. Yana shirin yi mata bayanin yadda shukar ta karkata, jaririnta ya fara kuka, ta ce za ta sake kira.

Sai ya koma bin rana da ƙafa. Inda duk haske ya faɗa, nan zai ja bokitan, in ya gusa ya sake ja. Bayansa ya fara ciwo, hasken kuma bai ishe su ba. Wata safiya ya kwashe su kaf ya fitar ƙofar gida, inda rana ke wuni. Mai waldan da ke tsallaken titi, wani magidanci mai furfura a gemu, ya ɗaga tabaron aikinsa ya ce, "Baba, gona ka buɗe mana a bakin titi? To mu dai a sa mu a layin masu ɗanɗanawa."

Direba ya yi dariya, har ya ji muryarsa ta yi masa baƙunta.

Tumatur da barkono suka farfaɗo, jikinsu ya yi kauri, ganye ya yi shar. Amma mai faffaɗan ganyen nan sai ta fara ƙonewa. Gefen ganyenta ya bushe kamar takardar da wuta ta lasa, tsakiyarsa ya yi tabo fari-fari. Ya tsuguna a gabanta ya daɗe, sannan ya tuna inda Maman Yara ke ajiye ta: can lungu, ƙarƙashin kwanon rufi, kusa da duron ruwa, inda rana ba ta taɓa kaiwa. Shi a zatonsa rashin wuri ne ya sa ta tura ta can. Ashe da gangan ne. Ya duba sauran bokitan yana ƙoƙarin tuna mazaunin kowanne, ya kasa. Shekara da shekaru yana wucewa ta gabansu da jakar tafiya a kafaɗa, bai taɓa tsayawa ya ce mata me ya sa wannan yake nan, wancan yake can ba.

Ya rungumi bokitin ya mayar lungunsa. Ya yanke ƙonannun ganyen da almakashinta na ɗinki, ba abin da ya rage sai kututture.

A waje, awaki suka yi wa barkono aski rana guda. Mai walda ya haɗa masa keji da ragowar ƙarfe, ya ɗora a kan bokitan, ya koma aikinsa. Mutumin kirki ne, sai dai ƙarar injinsa ba ta barin a yi hira, gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu. Da tumatur ya nuna, ya fi ƙarfin tukunyar mutum ɗaya. Direba ya ɗebi guda biyu, ya kai wa mai walda sauran a leda, ya ce a kai wa iyali.

Kututturen nan ya jima kamar ya mutu, sannan ya fito da toho, ganye ɗaya a naɗe. Direba ya kira Auta, ya tambaye ta ko ta san sunan shukar da mamanta ke ajiyewa kusa da duro.

"Wallahi Baba, ban sani ba. Mama ce kawai ta san sunanta. Ko in tambayi Yaya?"

Ya ce ta bari, ba wani abu ba ne. Ta ce in an yi hutu za su zo da yara. Ya ce Allah ya kawo su lafiya, ta gaida maigidan.

Ya ajiye wayar a kan taga. Injin mai walda yana ta ƙara a waje. Ya shiga kicin ya yanka tumatur ɗinsa, ya ɗora tukunya ƙarama a wuta, ya tsaya yana jira ta tafasa.