Man Shanun Baffa Yero

Abin da ya rage wa Karima a firizar ɗakin gwaji na jami'a bai fi ɗigon hawaye biyu ba. Furotin ne da aka yi oda daga ƙasar waje, irin wanda ke cikin jikin ɗan'adam, sai dai ƙwayoyin cuta aka sa suka ƙera shi a kwalba. Aikinsa ɗaya: ya cafke sinadarin da jiki ke samu daga bitamin A, mai gyara fata. In ya cafke abu, na'ura ta nuna. Sau biyu tana ba shi jiƙon ganyen Baffa Yero yana kau da kai. In gwaji na uku ya faɗi, digirin shekara uku ya bi ruwa.

Abin ya tsaya mata a rai, don da idonta ta ga aikin ganyen. Tana ƙarama a Kuyello fatarta ta yi kaushi kamar bayan kada, wannan tsohon makiyayi ya shafa mata maganinsa, cikin wata guda ta murje.

Sai ta hau mota zuwa Birnin Gwari, ta hau acaɓa har rugarsa a bakin dajin Kamuku.

"Baffa, wannan karon ba ganye na zo karɓa ba. Haɗa min a gabana."

"Ikon Allah! 'Yar boko ta dawo makaranta," in ji shi yana dariya.

Ya daka ganyen, ya ɗora kasko, ya kwarara man shanu har ganyen ya nutse. Karima ta miƙe zumbur.

"Baffa! Ba ka taɓa ce min da mai ba!"

"Ganye kika tambaya, 'yata. Mai kuma ai ba a faɗarsa. Wa zai zo ruga a ce masa akwai mai?"

Haushi da murna suka haɗe mata. Ita ga ta can tana jiƙa abu a ruwa, alhali irin sinadarin da take nema a mai yake narkewa. Ta ɗura haɗin a kwalba, ta ɗura man zalla a wata.

Da ta koma jami'a a Zariya, ta raba ɗigon furotin ɗin nan biyu. Haɗin ganye da mai: na'ura ta motsa. Ta yi hamdala. Man zalla, wanda ta sa don kwatance kawai: na'ura ta motsa daidai wa daida, ko ƙiris ganyen bai ƙara ba.

Ta kira Baffa a waya. Sai da ya hau tudu aka ji juna.

"Baffa, man ne ke aiki. To ganyen na mene ne?"

"Kin taɓa ɗanɗana shi?"

"A'a."

"Ɗaci ne da shi kamar maɗaci. Innata ce ta fara sawa. Man damina ne na magani, lokacin da shanu ke cin ɗanyar ciyawa. In ba a sa masa ɗaci ba, kafin rani an cinye shi a tuwo."

Karima ta dubi babban fayil ɗinta mai ɗauke da sunan ganyen a bango. Ta yi dariya har ƙwalla ta zubo. Sannan ta jawo sabuwar takarda.

"Baffa, kada ka kashe. Wace ciyawa suke ci?"